Ƙuri'ar Jeri: Muhawara kan Yadda ake Kaɗa Ƙuri'a da Yadda ake Ƙidaya ta

Taƙaitawa

Wannan maƙala ta duba muhawarar da ake yi, musamman a Amurka, kan tsarin zaɓe wanda mai zaɓe ke jera ƴan takara daga wanda ya fi so zuwa wanda bai so. Mun nuna cewa suna guda ya lulluɓe abu biyu: takardar da ake cikawa, da ƙa'idar da ake bi wajen ƙidaya. Mafi yawan amfanin da magoya baya ke faɗi daga takardar yake fitowa, mafi nauyin sukar da masana ke yi kuwa ƙa'idar ƙidaya ta shafa.

0. Gabatarwa

A zaɓen shugaban ƙasar Amurka na 2000, George W. Bush ya ci jahar Florida da tazarar ƙuri'a 537, wannan jaha kuma ita ce ta ba shi shugabanci. Ɗan takara na uku, Ralph Nader, ya samu ƙuri'a fiye da 97,000 a jahar. Da yawa daga masu nazari sun ɗauka cewa akasarin mutanen Nader sun fi kusa da Al Gore. In haka ne, ƙuri'arsu ta taimaki wanda suka fi ƙi. Wannan shi ne aibun tsarin "mai yawa ya ɗauka": in mutane biyu masu ra'ayi kusa da juna suka tsaya, sai su raba ƙuri'a, na uku ya wuce.

Akwai magani biyu sanannu. Na farko shi ne zagaye na biyu, irin na Faransa, wanda Nijar ta yi amfani da shi a zaɓuɓɓukan shugaban ƙasa. Na biyu shi ne wanda za mu duba a nan. Manufarmu ita ce mu bayyana yadda yake aiki, mu kawo hujjojin ɓangarorin biyu tare da misalan da suka faru, sa'an nan mu ba da kalmomin da za a iya koyar da shi da su cikin Hausa.

1. Sunaye da ma'anarsu

Tsarin yana da sunaye da yawa, kowane suna kuma gefe ɗaya yake haskawa. A Ostireliya sunansa yana nufin "ƙuri'ar fifiko". A Birtaniya yana nufin "ƙuri'ar madadi", daga nan Faransanci ya samo vote alternatif. A Amurka an fara tallata shi da sunan da ke nufin "zagaye na biyu nan take", daga baya sunan da ke nufin "zaɓi a jere" ya danne shi. A lura: sunan farko na Amurka ƙidaya yake bayyanawa, na biyu kuwa takarda kawai. Da sunan ya sauya, sai jama'a suka ɗauka cewa jera ƴan takara da wannan ƙidaya abu guda ne. Don kauce wa wannan ruɗani muna ba da shawarar kalmomi huɗu:

(1) a. ƙuri'ar jeri: takardar da mai zaɓe ke rubuta 1, 2, 3 gaban sunayen ƴan takara;
b. ƙidayar tankaɗe: a fidda na ƙarshe, a raba ƙuri'unsa ga sauran, a maimaita;
c. karon bibbiyu: a gwada kowane ɗan takara da kowane, ɗaya bayan ɗaya;
d. gajiyayyar ƙuri'a: wadda duk ƴan takarar da ta jera aka fidda su kafin ƙarshe.

Abin da ake gardama a kansa a Amurka shi ne haɗin (1a) da (1b).

2. Yadda ake ƙidaya

Ana fara ƙidaya zaɓin farko kaɗai. In wani ya haura rabi, magana ta ƙare. In ba wanda ya haura, sai a fidda wanda ya zo na ƙarshe, kowace ƙuri'arsa ta koma ga wanda mai ita ya sa na biyu. Haka za a yi ta tankaɗewa har mutum biyu su rage, ko ɗaya ya haura rabi. Mu ɗauki misali na ƙirƙira: mutane 100, ƴan takara uku.

(2) mutum 42: A, sai B, sai C
mutum 33: C, sai B, sai A
mutum 19: B, sai C, sai A
mutum 6: B, sai A, sai C

Da tsarin mai yawa ya ɗauka, A ne ya ci da 42. Da ƙidayar tankaɗe, B mai 25 ne za a fidda, C ya tashi da 52, A da 48: C ya ci. Da karon bibbiyu kuwa, B ya kayar da A da 58 bisa 42, ya kuma kayar da C da 67 bisa 33: B ya ci. Mutanen ba su sake ra'ayi ba, takardun ba su sake ba, amma an sami gwani uku. Duk muhawarar tana cikin wannan ɗan misali.

Masana lissafi sun daɗe da sanin haka. Borda da Condorcet sun yi gardama a kansa a Faransa tun ƙarni na 18, kuma a 1785 Condorcet ya nuna cewa ko karon bibbiyu na iya zagayawa: A ya ci B, B ya ci C, C ya ci A. A 1951 Kenneth Arrow ya tabbatar da cewa in ƴan takara sun kai uku, babu ƙa'idar ƙidayar jeri da za ta cika dukkan wasu ƴan sharuɗɗan adalci da ya gindaya. Saboda haka tambayar da ta dace game da kowane tsari ita ce: wane aibu gare shi, sau nawa yake bayyana, kuma jama'a za su iya jure shi?

3. Inda aka yi amfani da shi

Ostireliya ce ta fi daɗewa da shi. A watan Oktoba 1918, a zaɓen cike gurbi na mazaɓar Swan, ɗan jam'iyyar Leba Edwin Corboy ya ci da kashi 34 cikin ɗari, saboda ƴan mazan jiya da manoma sun raba ƙuri'a. Nan da nan gwamnatin Billy Hughes ta kawo dokar ƙuri'ar fifiko, har yau kuma da ita ake zaɓen majalisar wakilai. Wato tun asali lissafin siyasa ne ya kawo tsarin. A Ailan da shi ake zaɓen shugaban ƙasa. A 1990 Brian Lenihan ya zo na farko da kashi 44, Mary Robinson na da 39, Austin Currie na da 17. Da aka raba ƙuri'un Currie, Robinson ta wuce gaba, ta zama mace ta farko da ta riƙe muƙamin. Birtaniya kuwa ta ƙi tsarin a ƙuri'ar raba gardama ta 2011, inda kusan kashi 68 suka ce a'a.

A Amurka birnin San Francisco ya fara aiki da shi a 2004. Jahar Maine ta amince da shi a 2016, birnin New York a 2019 don zaɓen fidda gwani, jahar Alaska a 2020. Daga nan iska ta juya. Florida da Tennessee sun haramta shi a 2022, kuma jihohin da suka haramta shi sun haura goma. A watan Nuwamba 2024 masu zaɓe a Colorado, Idaho, Nevada da Oregon sun yi watsi da shi, birnin Washington ya karɓe shi, a Alaska kuma yunƙurin soke shi ya faɗi da tazarar da ba ta kai ƙuri'a 800 ba.

4. Hujjojin magoya baya

Hujja ta farko: ƙaramin ɗan takara ba zai ƙara ɓata ruwa ba. Mai son Nader sai ya sa shi na farko, ya sa Gore na biyu, ƙuri'arsa ba ta tafi a banza ba. Wannan gaskiya ne muddin ɗan takarar ƙarami ne sosai. Haka ta faru a mazaɓa ta biyu ta Maine a 2018: Bruce Poliquin ya ɗan ɗara Jared Golden a ƙidayar farko, amma da aka raba ƙuri'un ƴan takara biyu masu zaman kansu, Golden ya ci. Poliquin ya kai ƙara kotun tarayya, bai yi nasara ba.

Hujja ta biyu: fita ɗaya ta wadatar. Zagaye na biyu yana cin kuɗi, kuma a Amurka masu fitowa sukan ragu ƙwarai a karo na biyu.

Hujja ta uku: ɗan takara yana bukatar zama zaɓi na biyu ga mutanen abokin hamayyarsa, saboda haka zai rage zagi, ya nemi ƙuri'a wajen da ba nasa ba. Donald Horowitz ya kare wannan ra'ayi game da ƙasashen da ƙabilanci ya rarraba. Misalin da aka fi kawowa shi ne Papuwa Sabuwar Gini. Ta bar tsarin lokacin samun ƴancin kai a 1975, har ya kai wasu na shiga majalisa da ƙasa da kashi 10, da ƙuri'ar danginsu kaɗai. Tun zaɓen 2007 ta koma ga jera mutum uku. Sai dai tashin hankalin zaɓe bai ƙare a can ba, a Fiji kuma, inda aka yi aiki da tsarin daga 1999 zuwa 2006, jam'iyyun tsaka-tsaki ba su ci ribarsa ba. Wannan hujja ta uku ba ta kai biyun farko ƙarfi ba.

5. Inda ƙidayar tankaɗe ta yi tuntuɓe

5.1. Burlington, 2009

A zaɓen magajin garin Burlington, jahar Vermont, an kaɗa ƙuri'a kusan 9,000. Da aka zubar da ƙananan ƴan takara, uku suka rage: Kurt Wright na Rifablikan da 3,294, Bob Kiss na ƴan ci gaba da 2,981, Andy Montroll na Dimokurat da 2,554. Aka fidda Montroll, Kiss ya ci Wright da 4,313 bisa 4,061. Da aka fitar da bayanan takardun, sai aka ga cewa a karon bibbiyu Montroll ya fi Kiss da ƙuri'a kusan 600, ya fi Wright da fiye da 900. Shi ne B na misali na (2). Mutanen Wright, waɗanda da yawa daga cikinsu suka fi son Montroll da Kiss, ba a taɓa duba zaɓinsu na biyu ba, domin gwaninsu ya kai ƙarshe. Da sun yi ƙarya sun sa Montroll na farko, da sun fi samun abin da suke so. Garin ya soke tsarin a 2010, ya kuma sake amincewa da shi a 2021.

5.2. Alaska, 2022

Bayan rasuwar Don Young, an yi zaɓen cike gurbin kujerar jahar a majalisar wakilai ran 16 ga Agusta 2022:

(3) Mary Peltola (Dimokurat): 75,799
Sarah Palin (Rifablikan): 58,973
Nick Begich (Rifablikan): 53,810

Aka fidda Begich. Cikin ƙuri'unsa kusan 27,000 suka koma ga Palin, kusan 15,500 ga Peltola, fiye da 11,000 suka gaji. Peltola ta ci da 91,266 bisa 86,026. Amma takardun sun nuna cewa a karon bibbiyu Begich ya fi Peltola, ya kuma fi Palin nesa ba kusa ba. Akwai abin da ya fi wannan ban mamaki. Da mutum kamar 6,000 daga waɗanda suka zaɓi Palin ita kaɗai sun ba Peltola ƙuri'arsu, da Palin ce za ta zo ta ƙarshe a fidda ta, Begich kuma ya ci Peltola. Wato ƙarin goyon baya zai iya kayar da wanda ya ci.

Ana kiran wannan aibu matsewar na tsakiya: ɗan takarar da kowa zai iya yarda da shi, amma ba shi da ɗimbin masoya na farko, shi ake fara zubarwa. Dole a yi wa tsarin adalci ta fuska biyu. Na ɗaya, cikin ɗaruruwan zaɓuɓɓukan Amurka da aka fitar da bayanan takardunsu, ƙalilan ne suka nuna wannan aibu, a mafi yawansu ma wanda ya zo na farko tun farko shi ke ci. Na biyu, zagaye biyu ba shi da kariya daga gare shi: a misali na (2), A da C ne za su je zagaye na biyu. Abin da ya bambanta su shi ne ƙuri'ar jeri na barin shaida a rubuce, don haka ana iya ganin aibun. A zagaye biyu ba wanda zai tabbatar da shi sai da hasashe.

6. Kalmar "rinjaye"

Magoya baya sukan ce tsarin yana tabbatar da cewa wanda ya ci yana da rinjaye. Kalmar tana ɗauke da ma'ana uku, biyun farko su ne Faransanci ke rarrabewa da relative da absolue:

(4) a. ya fi kowane ɗan takara ƙuri'a;
b. ya haura rabin dukan ƙuri'un da aka kaɗa;
c. ya haura rabin ƙuri'un da ba su gaji ba.

Ƙidayar tankaɗe (4c) kawai take tabbatarwa, alhali mai sauraro (4b) yake ji. Peltola na da kashi 51.5 bisa ma'ana ta (4c), amma kashi 48 da ɗoriya bisa ma'ana ta (4b). Haka Kiss a Burlington. A zaɓen fidda gwanin Dimokurat na New York a 2021, inda Eric Adams ya ci Kathryn Garcia da tazarar ƙuri'a 7,000 da ƴan kai, gajiyayyun ƙuri'u sun kai kusan 140,000.

Wannan bambanci ya kai gaban alƙalai. Tsarin mulkin jahar Maine ya yi amfani da kalma mai ma'ana ta (4a) game da gwamna da ƴan majalisar jaha. A 2017 kotun ƙolin jahar ta ba da ra'ayi cewa ƙidayar tankaɗe ta saɓa wa wannan kalma. Shi ya sa a Maine ake jeri a zaɓen fidda gwani da na kujerun tarayya, ba a yi a babban zaɓen gwamna. Ga masu fassara dokokin zaɓe zuwa harsunan ƙasa, darasin a fili yake: "rinjaye" ita kaɗai ba ta isa ba, sai an faɗi rinjayen me bisa me.

7. Takarda, karatu da amana

Ƙuri'ar jeri rubutu ce, tana bukatar mai zaɓe ya fahimci umurni, ya san lambobi, ya kuma san ƴan takara fiye da ɗaya. A Ostireliya, inda doka ta tilasta cika kowane gurbi, ƙuri'un da ke lalacewa sukan kai kusan kashi 5, amma a wasu mazaɓun yammacin Sydney, inda baƙi masu wasu harsuna suka yi yawa, sukan haura kashi 10. In kuwa aka bar jerin ga mai so, mutane da yawa suna guda suke zaɓa. Siri Lanka ta ba da damar jera mutum uku tun zaɓen 1982, amma sai a 2024 aka fara bukatar ƙidaya ta biyu. Anura Kumara Dissanayake na da kashi 42 a ƙidayar farko, kuma ƙuri'un da suka koma gare shi da Sajith Premadasa ba su kai 300,000 ba, cikin fiye da miliyan 13.

Matsala ta biyu ta shafi amana. A tsarin ƙuri'a guda, kowace rumfar zaɓe tana ƙidaya nata, wakilan jam'iyyu su sa hannu, kowa kuma na iya tara alƙaluman da kansa. A ƙidayar tankaɗe wannan ba ya yiwuwa, domin ba a san wanda za a fidda ba sai an haɗa na ko'ina. Dole a tattara takardun ko bayanansu wuri guda. A Maine a 2018 sai da aka kai su Augusta, sakamakon ya fito bayan kwana 9. A New York a 2021 hukumar zaɓe ta haɗa takardun gwaji kusan 135,000 cikin sakamakon wucin gadi bisa kuskure, ta janye shi. Karon bibbiyu ba shi da wannan matsala, tunda kowace rumfa na iya cika jadawalin wa ya fi wa, a tara.

8. Kwatanci da zagaye biyu

Ga mai karatu a Nijar, hanya mafi sauƙi ta auna tsarin ita ce ya kwatanta shi da wanda ya sani. A zaɓen 1993 Tandja Mamadou ya zo na farko da kashi 34, Mahamane Ousmane na da kusan 27. Jam'iyyun ƙawancen AFC suka mara wa Ousmane baya, ya ci zagaye na biyu da kashi 54. A 1999 Ousmane ya zo na uku, ya goyi bayan Tandja, Tandja ya ci Mahamadou Issoufou da kusan kashi 60. A duka biyun shugabannin jam'iyyu ne suka nuna inda ƙuri'a za ta koma, mai zaɓe kuma ya sami makonni yana kallon mutum biyu kafin ya yanke. A ƙuri'ar jeri wannan sarari babu shi. Duk ciniki sai an gama shi kafin ranar zaɓe, shi ya sa jam'iyyun Ostireliya ke raba wa mutane katin da ke nuna yadda za su jera.

Inda jeri ya fi shi ne in ƴan takara sun yi yawa. A Faransa a 2002, da ƴan takara 16, ƴan hagu sun warwatsa ƙuri'arsu, Lionel Jospin ya tsaya a kashi 16.18, Jean-Marie Le Pen ya wuce shi da 16.86. Zagaye biyu yana yanke kowa lokaci guda, ya bar biyu. Tankaɗe kuwa ɗaya-ɗaya yake zubarwa, ƙuri'un ɓangare guda su sami damar taruwa. Amma a tuna cewa zaɓen Nijar na Disamba 2020 ƴan takara 30 ne suka tsaya. Takardar jeri mai suna 30, ga jama'ar da yawancin manyanta ba su yi karatun boko ba, nauyi ne da ba za a raina ba.

9. Kammalawa

Mun ga cewa ƙuri'ar jeri tana ba mai zaɓe damar faɗin fiye da abin da ƙuri'a guda ke bari, kuɗinta kuma shi ne wahalar cikawa. Ƙidayar tankaɗe tana maganin ƙaramin mai ɓata ruwa, tana gazawa in manya uku suka yi kusa da juna, kuma ba ta taruwa rumfa-rumfa. Wanda ya soki abin da ya faru a Burlington da Alaska ƙidaya ya soka, domin da takardun nan ɗin ne aka gano aibun, da su ne kuma karon bibbiyu zai iya gyara shi. Wanda ya soki wahalar takarda kuwa, sukarsa ta hau kan kowace irin ƙidaya. Muna fatan kalmomin da ke (1) da (4) za su taimaki malamai da ɗalibai su riƙa raba waɗannan tambayoyi biyu, muna kuma maraba da gyara daga abokan aiki na sashen shari'a da na kimiyyar siyasa.